WARKEWA BABU JINYA: RA'AYI KAN MAGANI DA ABINCI A WASANNIN BIDIYO

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Kowace al'umma tana da hanyar da take bi ta koya wa 'ya'yanta abin da ake kira ciwo, da abin da ake kira magani, da kuma yadda mutum kan tashi daga kwanciya ya koma kan ƙafafunsa. A da, yaron ƙasar Hausa yakan ɗauki wannan karatu ne a tsakar gida da zaure. Yakan ga an kira wanzami ya yi wa mahaifinsa ƙaho, ya ga maɗori ya ɗaure ƙafar wansa da kara, ya ga mai jego tana wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa har ta yi arba'in. Babu wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi, amma kafin ya girma ya riga ya san cewa sauƙi a hankali yake zuwa.

A yau an sami wani sabon malami ya shigo gari, wato wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. A Rano da Kibiya, kai har ma da garuruwa irin su Rurum da Tarai, duk inda aka sami shagon cajin waya da wuya a rasa yara sun yi cincirindo a kan waya guda, ɗaya na bugawa sauran na ba shi shawara. An sha yin magana kan ɓata lokaci da harbe-harben da ke cikin waɗannan wasanni. Abin da wannan ɗan rubutu zai duba shi ne wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba, wato yadda wasannin ke nuna ciwo da magani da cin abinci. Ra'ayina shi ne, sun cire jinya daga cikin warkewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da shan ƙwaya barkatai.

Asalin "jini" da "rai"

Kusan kowane wasan faɗa yana da wani ɗan layi a saman allo ko a ƙasansa, wanda yake raguwa duk lokacin da aka bugi jarumi ko aka harbe shi. Yaranmu sun riga sun raɗa masa suna, sukan ce jini. In an ji yaro ya ce jininsa ya kusa ƙarewa, ko ya ce saura rai biyu, to, wannan layi yake nufi. Dabarar mayar da lafiya lissafi ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Ta yi ƙarfi ne daga wani wasa da ake yi a kan tebur da takarda da alƙalami mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda kowane jarumi yake da wasu lambobi da ake ragewa in an sare shi. Daga nan masu ƙera wasannin kwamfuta suka ɗauka, domin ita na'ura ba ta san raɗaɗi ba, lamba kaɗai ta sani.

Akwai kuma dalilin kasuwa. A shekarun 1980 wasanni da yawa a cikin manyan akwatuna suke a shaguna, sai mutum ya jefa tsabar kuɗi sa'annan su tashi. A wasan Gauntlet da kamfanin Atari ya fitar a 1985, lafiyar jarumi tana ta zurarewa ko da ba a taɓa shi ba, kuma hanya biyu ce ta mayar da ita: ko ya tsinci abinci a hanya, ko mai wasan ya ƙara jefa kuɗi. Ashe ke nan tun farko saurin warkewa dabarar ciniki ce. Mai akwati ba ya son yaro ya tashi daga gabansa, don haka dole ne jarumi ya warke nan take a ci gaba. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin abin da ke tafe ba.

Abinci a cikin wasa

Tun daga Pac-Man na 1980, wanda aikinsa ke nan ya ci ya ci ba ya ƙoshi, abinci ya zama ginshiƙi a wasannin bidiyo. A Super Mario Bros na 1985, jarumi yakan haɗiye laimar kwaɗi sai ya ninka girmansa a ƙiftawar ido, in kuwa koriya ce sai ta ba shi ƙarin rai. A Streets of Rage 2 na 1992, mutum yana tsakiyar dambe a titi sai ya fasa garwar shara, ya tarar da gasasshiyar kaza a ciki, ya taka ta ya ɗauka, duk dukan da ya sha ya goge. A Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda samarinmu suka daɗe suna bugawa, wanda aka ɗirka wa harsashi yakan shiga gidan abinci ya sayi kaza da dankali ya fito garau.

Mai karatu ya lura da abin da ya ɓace a nan. Babu noma, babu sussuka, babu surfe, babu hura wuta, babu wadda ta tuƙa, babu kuma wanda aka ce wa bismilla. A wurin Bahaushe abinci ba ya rabuwa da mutane. Akushi guda ake kewayewa, babba ya fara sa hannu, yaro ba ya ɗaukar nama sai an ba shi, maƙwabci kuma yana da nasa kwano. Manomin Kibiya da ya shuka dawa da farkon damina ya san sai kaka zai ga tuwonta, ya kuma san watannin da rumbu kan yi ƙasa kafin sabon amfani ya nuna. A cikin wasa kuwa abinci tsintuwa ne, kuma amfaninsa ɗaya tak, ya cika layin jini.

Wanda ya taɓa ganin yaro mai tamowa ya san nisan da ke tsakanin wannan da gaskiya. Yaron da yunwa ta yi wa mugun kamu, in aka ɗura masa abinci mai nauyi lokaci guda ana iya rasa shi. Shi ya sa a asibiti akan fara da wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, sa'annan a koma ga haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda wani likitan Faransa mai suna André Briend da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1996. Shi ma wannan haɗi sai an yi makonni ana bai wa yaro bisa ƙa'ida, ana auna damtsensa, kafin a sallame shi. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Magani a cikin wasa

In aka koma ga magani, abin ya fi haka ban mamaki. A Resident Evil na 1996 akwai ganye kore mai warkar da rauni, da shuɗi mai karya dafi, da ja wanda in an haɗa shi da kore yake ƙara masa ƙarfi. Wannan ya yi kama da sana'ar 'yar mai ganye, sai dai ita takan ce a jiƙa, ko a dafa, a sha kwana bakwai, a guji kaza da kaza. A wasan babu jiƙo babu sharaɗi. Da aka zo Call of Duty 2 a 2005 sai aka ɗauke ma maganin ɗungurungum: wanda aka harba ya laɓe bayan bango na 'yan sakan, ya fito kamar ba a taɓa shi ba.

Wasan da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, domin shi da takwaransa Free Fire suna cikin waɗanda suka fi shiga hannun samari ta waya. A cikinsa akwai bandeji, da jakar taimakon gaggawa, da babban akwatin magani wanda bai kai sakan goma ba yake mayar da mutum cikakkiyar lafiya. Bayan waɗannan akwai wasu abubuwa uku da ake kira masu ƙara kuzari: gwangwanin lemon ƙarfi, da kwalbar ƙwayar kashe raɗaɗi, da allura. Su waɗannan ba sai mutum yana ciwo yake shan su ba. Gwanin wasa yakan sha su tun kafin a gwabza, domin suna ƙara masa jini a hankali, in ya sha da yawa kuma su ƙara masa gudu. Ba ya maye, ba ya farfaɗiya, ƙodarsa ba ta lalacewa, gobe kuma jikinsa ba ya neman ƙari. Yaron da ya yi shekara yana wannan wasa ya haɗiyi ƙwayar ƙarfi sau ɗaruruwa da ɗan yatsansa, kuma kowane karo riba ya gani.

Ai mu ma muna da Ruwan Bagaja

Wani zai ce, to, mene ne sabo a nan? Adabinmu cike yake da maganin nan-take. Tatsuniyoyinmu suna da saiwar da ake shafa wa makaho ya gani. Al'adarmu tana da maganin ƙarfe na 'yan tauri, da sagau, da kau-da-bara, da layar zana, waɗanda in aka duba ba su da bambanci da sulken da jarumin wasa kan tsinta. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, gaba ɗayansa an gina shi ne a kan neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki. Kuma yaro ba wawa ba ne, ya san wasa wasa ne.

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Amma akwai bambanci guda biyu. Na farko, a adabinmu maganin yana da tsada. Alhaji Imam shekaru ya yi yana yawon duniya, yana shan wuya iri-iri, kafin ya kai ga ruwan. Darasin labarin yana cikin tafiyar, warkewar kuwa lada ce a ƙarshe. Ko ɗan tauri sai ya jure ɗacin jiƙo, ya kiyaye abubuwan da aka hana shi, in ya karya sharaɗi maganin ya karye. A wasan bidiyo magani a ƙasa yake warwatse kamar tsakuwa.

Na biyu, tatsuniya tana da shinge. Da dare ake yin ta, tsohuwa ce ke bayarwa, tana da kalmar buɗewa, in an gama kuma a ce ƙurunƙus, kowa ya san an fito daga duniyar Gizo da Ƙoƙi an dawo ta mutane. Yaro kuma sauraro yake yi. Wasan bidiyo ba shi da ƙurunƙus, ba shi da tsohuwa a gefe, ba dare ba rana, kuma yaron da kansa ne yake aikata abin, yana maimaitawa har hannunsa ya saba. Abin da aka ji da kunne daban, abin da hannu ya saba da shi daban.

Abin da Bahaushe ke nufi da jinya

Harshen Hausa da kansa ya nuna yadda masu shi suka ɗauki ciwo. Tsakanin kwanciya da warkewa muna da matakai, kowanne da sunansa. Akwai jinya, akwai mai jinya wanda yake kwana a gefen tabarma, akwai dubiya da 'yan'uwa ke zuwa da fura ko lemo. Akan ce yaya jiki, a amsa da sauƙi ko da ana jin jiki. Akan ce ya fara samun kansa, ya fara cin abinci, ya fara fitowa ƙofar gida, ya murmure, sa'annan a ce ya warke sarai, a yi masa barka da arziki. Kalmar sannu da muke yi wa majinyaci ita ce dai kalmar da ke nufin a hankali. Wanda ya karye a hanyar Rano zuwa Kibiya, ko asibiti aka kai shi aka sa masa filasta, ko wurin maɗori, ƙashi ba zai haɗe ba sai an yi makonni shida ko fiye, kuma a duk tsawon wannan lokaci wani ne ke yi masa noma, wata ce ke kai masa ruwa.

Abubuwa uku ke nan wasannin suka zubar: lokaci, da ƙa'ida, da mutane. Jarumin wasa ba ya kwanciya, ba a zuwa duba shi, ba ya bin kowa bashin alheri, ba ya kuma fita da tabo.

Inda gizo ke saƙar

Ba wasan bidiyo ne ya kawo mana shaye-shaye ko wasa da magani ba, waɗannan sun girme shi. Tun kafin waya ta zo muna da mai tallar magani a kasuwa da lasifika, wanda ƙulli guda nasa ke maganin basir da shawara da sanyi da ciwon baya. Damuwar ita ce wasan ya zo ya tarar da rauni, ya kuma zauna daidai a kansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe raɗaɗi ne irin su tiramadol suka sha ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da Kano. Saurayin da ke haɗiyar ƙwaya kafin ya shiga gona ko ya hau babur, don kada ya ji gajiya, tunaninsa ɗaya ne da na jarumin PUBG. Bambancin kawai shi nasa jikin na gaske ne.

Haka abin yake ga cika ƙa'idar magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu na kwana uku ne, sau shida ake sha, amma sau nawa akan ajiye shi a rana ta biyu don jiki ya yi sanyi? Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ma'aikaci yakan ba da na ranar farko ne, ya bar wa uwa na sauran kwana biyu, kuma sai an maimaita kowane wata. Maganin tarin fuka wata shida cur ake sha, wanda ya yanke a tsakiya yana iya koya wa ƙwayar cutar jure maganin, ya jawo wa kansa da maƙwabtansa wadda ta fi ta farko wuyar magani. Duk waɗannan suna bukatar mutum ya yarda cewa jin sauƙi daban, warkewa daban. Layin jini yana koyar da akasin haka: da zarar ya cika, an gama. Yaran da ke kan waya yau su ne iyayen da za a bar wa maganin kwana biyu gobe.

Waɗanda suka kamanta

Adalci ne a faɗa cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Metal Gear Solid 3 na 2004, wanda Hideo Kojima na Japan ya tsara, sai jarumi ya ciro harsashi da wuƙa, ya wanke raunin, ya ɗinke, ya naɗe, kuma naman da ya ajiye ya daɗe yakan ruɓe ya ɓata masa ciki. A Minecraft jiki ba ya mayar da jini da kansa sai ciki na da abinci, wato da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mutum yakan shuka alkama ya jira ta nuna. A PUBG ɗin ma akwai abin yabo guda: wanda aka kayar ba ya iya tashi sai abokinsa ya zo ya durƙusa a kansa, yana sayar da nasa ran. Wannan ɗan ɓurɓushin jinya ne.

Akwai kuma Far Cry 2 na 2008, wanda aka gina labarinsa a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, inda jarumin ke fama da zazzaɓin cizon sauro tun daga farko. Lokaci-lokaci ganinsa yakan dushe, sai ya haɗiyi ƙwaya ya dawo daidai, in ta ƙare ya shiga nema. An yaba wa wasan don ya nuna ciwo mai naci. Sai dai mu da muke zaune da sauro mun ga kuskurensa: ya mayar da zazzaɓi ciwon da ba a warkewa, ana dai lallashinsa da ƙwaya ɗaya duk sa'ad da ya motsa. Wannan kuwa ita ce ainihin ɗabi'ar da ma'aikatan lafiya ke roƙon jama'a su bari.

Kammalawa

Hana yara wasa ba zai yiwu ba, ba kuma shi ne abin nema ba. Abin da ya kamata shi ne a mayar wa wasan shingen da tatsuniya take da shi. Uba ko wa ko malamin makaranta da ya ga yaro yana bugawa, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi: wannan da aka harba ya tashi, da a garin nan ne kwana nawa zai yi a kwance, wa zai yi jinyarsa, nawa za a kashe? A riƙa tafiya da yara dubiya kamar yadda aka tafi da mu, domin gani ya kori ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma ɗaliban Hausa muna da namu aiki. Yara sun riga mu fassara, sun ce jini, sun ce rai, kuma kalmomi ne masu nauyi da bai kamata mu bar su su yi arha ba. Ya dace mu tattara irin waɗannan kalmomi mu nazarce su kamar yadda muke nazarin sara da karin magana. Ya kuma dace mu haɗa kai da 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta, domin ranar da za a tsara wasa da Hausa ta kusa, kuma labarinsa daga hannun irinmu zai fito. Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da duwatsunta da tarihinta, ta isa a gina wasa a kanta. In an zo yin sa, a sa jarumin da ya karye ya nemi maɗori, ya yi kwanaki yana ɗingishi, abokansa su yi masa gayya a gona, wanda ya sha ƙwayar ƙarfi kuma ya ga sakamakonta a jikinsa. Wasa irin wannan ba zai rasa daɗi ba, domin haƙuri da dabara da taimakon juna su ne gishirin kowane labari mai kyau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.